Majigin gini a Maraɗi bayan ambaliyar 2024

A wasu manyan biranen duniya ana yin bikin finafinai wanda ba a haska komai a cikinsa sai abin da ya shafi gini, zane da tsarin gari. Na Rotadam, a ƙasar Holan, ya soma a shekarar 2000. Wani ya tashi a Amurka a 2009, ya yi sansani a birnin Niyok, daga can yake zagaya wasu birane. Milan ta Italiya ita ma tana da nata tun 2013. Masu cika kujerun galibi masu zanen gini ne da ɗalibansu. Su kalli fim a kan wani gwani ko wani gini da ya yi suna, a yi tambayoyi, a watse.

Abin da zan bayyana a nan bai kai ko kusa da wannan girma ba. Ɗan yunƙuri ne da wasu samari 'yan fada ɗaya, wato majalisar hira da shayi, suka yi a unguwarmu bayan damanar 2024, ba suna, ba ofis, ba mai ɗaukar nauyi. Sun ari na'urar majigi, suka ɗaura farin yadi a bangon wata makaranta, suka ce za su nuna wa mutane finafinan gini. Ina cikin waɗanda suka taya su ɗaukar benci da neman izini. Na ga ya cancanci a rubuta shi dalla-dalla, domin abin da suka shirya daban ne da abin da ya faru, kuma duk mai tunanin shirya wa garin nan babban biki irin wannan zai ci karo da abin da suka ci karo da shi.

Garin da ruwa ya taɓa tayarwa

Ba a fahimtar ginin Maraɗi sai an koma ga gulbi. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautar da aka kora ya yi ta yawo kafin ya zauna a nan ƙarƙashin Ɗan Kasawa, a cikin kwarin Gulbin Maraɗi, inda kurmi da ruwa suke ba da kariya. Gobirawa su ma suka kafa Tsibiri a kusa. A kwarin nan garin ya zauna fiye da shekara ɗari, har ambaliyar 1945 ta cinye shi. Turawan Faransa suka hau da shi tudu, suka yanka tituna miƙaƙƙu da filaye masu kusurwa huɗu. Mutane suka hau da sunayen unguwanninsu, su Bagalam, Mokoyo, Ɗan Gulbi, Limanci, 'Yandaka da Maradawa, amma gidajen kakanni sun tafi da ruwa.

Shi ya sa ba mu da tsohon Birni irin na Damagaram, ba mu da abin da ya yi kama da tsakiyar Agadas da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Gidan da muke kira tsoho a Maraɗi da wuya ya wuce shekara 80. Daga baya kuɗin gyaɗa suka shigo, sannan fatauci da Najeriya ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya, alhazan gari suka yi gini da siminti da kwano. Tun daga lokacin laka ta koma alamar wanda bai samu ba tukuna. Garin kuma ya yi ta kumbura. Ƙidayar 2012 ta ba shi mutum sama da 267,000, kuma kowa ya san sababbin unguwanni nawa aka yanka bayan nan.

Sai ga damanar 2024. A ƙarshen watan Agusta ruwa ya sauka a Maraɗi kamar da bakin ƙwarya, gidaje suka zube, aka rasa rayuka. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 3 ga Satumba, tsohon masallacin Birnin Damagaram, wanda aka gina da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, shi ma ya rushe. Hotonsa ya zagaya wayoyi. A watan Oktoba gwamnati ta rage farashin siminti don saukaka wa masu sake gini. Hukuncin da yawancin mutane suka yanke a zuci shi ne: zamanin laka ya wuce, wanda ya samu hali ya gudu daga gare ta.

Abin da samarin suka shirya

Jagoran tafiyar yaro ne da ya karanta fannin gine-gine a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo. Shi ya ci karo da labarin waɗancan bukukuwa a intanet, ya kawo shi fada wajen shayi. Damuwarsa ita ce mutane za su ci bashi su yi ginin bulo marar ƙwari da rufin kwano, su shiga ɗakin da ba ya zaunuwa a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ya yi imani idan mutane suka ga abin da ake yi da ƙasa a wasu wurare, ra'ayi zai sauya. Gani ya kori ji, in ji shi.

Sun zaɓi lokaci da kyau. Ƙarshen kaka ne, an gama kai amfanin gona gida, masu buga birgi, wato bulon ƙasa, sun fara sauka kududdufai, wanda zai yi gini a rani ya soma lissafi. Kuran, wato wutar lantarki, ba abin dogaro ba ne, don haka suka yi hayar ƙaramin gurup, injin ba da wuta, suka ja shi nesa bayan katanga don kada ƙararsa ta danne magana. Aka sa lokaci bayan sallar isha'i. Da yake finafinan da Faransanci da Turanci suke, rubutun ƙasan allo kuma ba zai amfani yawancin 'yan kallo ba, sai suka rage sautin, wani mai baki a cikinsu ya riƙe makirfo yana fassarawa kai tsaye. Mutanen Maraɗi sun saba da wannan daga finafinan Indiya masu fassara, ba wanda ya ji baƙon abu.

Gajerun finafinai uku suka tanada. Na farko a kan yaɓen babban masallacin Jenne a Mali, inda duk shekara gari ke fitowa kwansa da kwarkwata a shafe masallacin da sabuwar laka. Na biyu a kan makarantar da Francis Kéré ya gina a ƙauyensu Gando, a Burkina Faso, a 2001, da birgin ƙasa da rufin kwano da aka ɗaga sama don iska ta ratsa tsakaninsa da silin. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya, a 2022. Na uku shi ya fi kusa da gida: Dandaji, a jihar Tawa, inda Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci a gefensa da birgin ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. Tsohon masallacin kuwa aikin Alhaji Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na Yama ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986.

Daren farko

An cika wurin. Yara a gaba kan yashi, dattawa a benci, samari a kan babura daga baya. Da aka nuna Jenne mutane sun yi ta mamaki. Da aka zo Dandaji, aka haska bakan gizon tsohon masallacin daga ciki, wato lanƙwasassun bakunan da ke ɗauke da rufinsa, wurin ya yi tsit, domin kowa ya gane ginin namu ne, hannun Bahaushe ne.

Da aka kashe majigin aka ce mai magana ya yi, wani magidanci ya miƙe. Ɗakuna biyu ne suka faɗi a gidansa, iyalinsa sun yi makonni a ajin makaranta kafin su koma cikin rumfar tampol. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, «Samari, Allah ya saka. Amma ni da na kwana ina tare bango da kafaɗa, matata na fitar da yara, yau ku tara ni ku nuna mini laka tana da kyau? Waɗannan gine-gine na masu kuɗi ne da 'yan boko. Ku nuna mini abin da ya sa nawa ya faɗi.»

Babu wanda ya iya ba shi amsa cikin samarin. Kuma yana da gaskiya. An kawo wa mai ciwo hoton lafiya, ba a taɓa ciwon ba. Finafinan nan uku an yi su ne don su burge, kuma sun burge, amma ba ɗayansu da ya nuna gindin bango bayan ruwan awa biyu.

Wanda ya ceci daren wani tsohon magini ne da aka gayyato don girmamawa kawai, aka ba shi kujera a gefe. Ya gaji sana'ar, ya yi ta tun yana yaro mai miƙa tubali, yanzu ƙarfi ya ƙare. Ya ce wa magidancin, «Ɗana, in ka yarda in zo gidanka da safe, zan nuna maka inda ruwan ya shiga.» Jagoran samarin ya ce, «Baba, mu biyo ka da waya mu ɗauka?» Tsohon ya ce in mai gida ya yarda, shi ba ruwansa.

A nan shirin ya juya. Aka ɗage sauran dararen, samarin suka koma masu ɗaukar fim.

Abin da wayar ta ɗauka

Fim ɗin da suka haɗa bai kai rabin awa ba. Hannu na rawa, iska na busa makirfo, akuya na ratsawa. Amma ban taɓa ganin abin da ya koya mini gini kamarsa ba, don haka zan daɗe a kansa.

A gidan magidancin, tsohon bai kalli ɓaraguzan ba. Ya tsaya a ƙofar gida ya sa sandarsa a kan titi, ya sa ta a kan dokin ƙofa. Titin ya fi tsakar gidan tudu. Shekara da shekaru ana zuba ƙasa da shara a waje, titi na hawa, gida na nan inda yake, har ya zama kwari. Duk ruwan layin a gidan yake sauka. Daga nan ya zagaya bayan ɗakin da ya rage, ya nuna indararo: guntun kwano ne da bai kai kamu ɗaya ba, yana zubo da ruwan rufi daidai gindin bango. Ya durƙusa, kyamara ta bi shi, ya sa babban yatsa ya kankare gindin. Ƙasar ta zubo kamar gari, da farin gishiri-gishiri a jikinta. Ya ce bango ba ya mutuwa daga sama, ƙafarsa ake ci.

A gida na biyu mai gidan ya yi abin da yake gani gyara ne: ya shafe bangon laka da siminti. Tsohon ya ƙwanƙwasa shafen da sanda, aka ji yana amsawa, alamar babu komai a bayansa. Ya ɓalle wani yanki da hannu, ga laka jiƙe sharkaf, watanni bayan ɗaukewar ruwa. Bayaninsa shi ne laka tana shan ruwa tana fitarwa, siminti kuwa ba ya barin ta ta fitar. Ruwa ya shiga ta tsaga ko ta ƙasa, ya rasa hanyar fita, bango ya ruɓe a ɓoye, mai gida yana kallon waje sumul yana jin daɗi. Wannan shi ne wurin da 'yan kallo suka fi neman a maimaita, domin rabin unguwar haka suka yi.

Ya kuma ɗauki birgi ɗaya daga cikin ɓaraguzan ya murƙushe shi. Yashi ne ya fi yawa. Tudun da aka hau da garin a 1945 jigawa ce, ƙasa mai danƙo tana can fadama, kuma ɗauko ta kuɗi ne. Mai buga birgi yana son ya buga da yawa a yini, mai saye yana son arha, sai a haɗu a kan ƙasar da ta samu. Tsohon ya kwatanta yadda suke yi a da: a haƙo ƙasa, a jiƙa, a zuba yankakkiyar ciyawa, a tattaka da ƙafa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake cuɗawa, sannan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya har ya bushe ƙarau. Bango kuma a fara shi da kauri a ƙasa yana sirancewa zuwa sama, a ɗora layi kaɗan a bari ya sha iska kafin a ƙara. Yau ana jera birgi ɗaya tun daga tushe har rufi, a gama ɗaki cikin kwanaki.

Sai rufi. Azara, wato tsagin giginya, ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kusan mita 2, shi ya sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo da daurin guga, wato rufi mai ƙubba da ake ɗorawa a kan bakunan, don su sami faɗin zaure. Ya ce yawancin rufin da ke faɗuwa nauyi ne ke kashe su: duk shekara a ƙara ƙasa a kan ta bara ba a kankare ba, ranar da ta sha ruwa azara ta kasa. Ya ambaci makuba, da ake yi da ɓawon ɗorawa, da laso, da ake haɗawa da katsin marina, waɗanda ke sa ruwa ya zame. Cikin samarin da ke riƙe da wayar babu wanda ya taɓa ganin an haɗa ko ɗaya.

Gida na uku na bulon siminti ne, katangarsa ta kwanta gaba ɗaya. Tsohon ya ɗauki bulo ya sake shi daga tsayin ƙugu, ya tarwatse. An buga bulo fiye da ƙima daga buhu ɗaya, ba a shayar da shi ruwa ba, tushen kuma bai kai ko'ina ba. Samarin sun yi gardama a kan ko a saka wannan yanki, wasu na ganin zai zama kamar ana yaƙi da siminti. Aka saka, kuma daidai ne, don ya nuna magana ba ta tsaya ga laka ko siminti ba.

Dare na biyu

Da aka haska wannan fim, mai fassara bai da aiki. Mutane suna ganin layinsu, suna jin harshensu, suna kiran sunan mai gidan. An tsayar da fim ɗin ya fi a ƙirga. Magina masu aikin siminti, waɗanda suka yi shiru a daren farko, suka shiga maganar. Ɗaya ya ce duk abin da Baba ya faɗa sun sani, amma mai gida ne ke kawo buhu kaza ya ce a fitar masa da ɗaki, in ka ƙi wani zai karɓa. Wani ya ce ginin laka na gaskiya yanzu ba arha ba ne: giginya ta yi wuya, icce ne da doka ta kare, azara mai kyau daga nesa ake kawo ta, leburan da zai tattaka ƙasa kwana da kwanaki sai an biya shi.

Wani ɗan haya ya kawo abin da ba wanda ya yi tunaninsa. Gidan laka yana son yaɓe kafin kowace damana. A da mai gida ne a ciki, da 'ya'yansa da maƙwabta, a yi gayya a gama. Yau gidaje da yawa na haya ne. Mai gida yana wata unguwa, ɗan haya ba zai zuba kuɗinsa a bangon wani ba, sai bango ya shekara biyar ba a taɓa shi ba. A ganina wannan ita ce magana mafi nauyi da aka yi a daren. Mutanen Jenne da aka nuna a fim na farko ba laka ta fi tamu suke da ita ba, ranar fitowa suke da ita.

Tsohon bai kare laka da ƙarfi da yaji ba, kuma wannan ya ƙara masa daraja a idon mutane. Ya ce wanda filinsa ke kan hanyar ruwa, ko da me ya yi gini, ya ɗaga tushe da dutse da siminti, ya yi dakali, ya tsawaita indararo. Jagoran samarin ya ƙara da bayanin birgin da ake matsewa da inji a sa masa ɗan siminti, irin na Dandaji, da kuma ginin da ba icce, mai rufin ƙubba da baka na birgi zalla, wanda aka fara gwadawa a Nijar a Cikal, wajen Filinge, a 1980. A wannan karon mutane sun saurara, domin an riga an amsa tambayar da ta dame su. Har wasu suka nemi a sake nuna na Dandaji. Fim ɗaya ne, mutane ɗaya, amma sai da aka bi ta gidan da ya faɗi kafin ya sami wurin zama.

Inda aka gaza

Mata ba su zo ba sai ƙalilan, su ma daga nesa. Wannan babban giɓi ne, domin su ne ke wuni a gidan. Mace ce ta san ɗakin da ke yoyo, da inda hayaƙin madafa ke taruwa, da inda ruwan wanka ke kwanciya, da ɗakin da jariri ba ya iya barci a cikinsa da rana. Fim ɗin ma ya tsaya a zaure da bayan gida da ɗakunan da suka rushe. Samari ba za su shiga tsakar gidan mutane da kyamara ba, kuma bai kamata su shiga ba. An gwada gyarawa da haskawa ɗaya da la'asar a wani gida mai faɗi, mata zalla, wata malamar makaranta ta riƙe na'urar. Abin da ta dawo da shi ya isa fim guda: ƙorafi a kan tagogi ƙanana da ake sawa can sama, da masai da ake haƙawa kusa da bango, da yadda ba a shawartar mace sai an gama gini. Ba a ɗauka ba, don babu macen da aka koya wa ɗauka.

Akwai kuma batun izini. Finafinan waje da aka nuna gajeru ne da masu su suka saki a fili. Duk fim mai tsawo yana da mai shi, kuma biki na gaskiya sai ya nema ya biya. Batun magudanan ruwa da tudun tituna ya fi ƙarfin mai gida ɗaya, kuma ba a gayyaci masu ruwa da tsaki a tsarin gari ba, don haka maganar ta tsaya a iska. Kuɗin man gurup da hayar lasifika daga aljihun samarin suka fito, jika-jika, abin da ba zai ɗore ba.

Abin da lamarin ya nuna

Akwai masu cewa fim da gini abu ne na ƙasashen da suka ƙoshi. Ban yarda ba. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fara fim a yankin nan. Umaru Ganda ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1972, Mustafa Alasan kuma ya yi ta yawo da majigi yana nuna wa mutane abin da ya zana da hannunsa. Gidajen silima sun mutu, amma kallo bai mutu ba, ya koma cikin waya. Kuma ko mun sani ko ba mu sani ba, fim yana koyar da gini a Maraɗi kullum. Yarinyar da ke kallon finafinan Kano tana ganin falo mai tayil da silin mai fitilu da labule har ƙasa, shi ne gidan da take mafarki. Saurayi ya ga bene mai gilashi a fim, ya sa a ransa. Gidan ƙasa in ya fito a fim, to an zo nuna talauci ne ko ƙauye. Zankwaye da zanen dagi a fuskar gida sun koma kayan ado na bangon shirin talabijin. Wannan darasi ya fi shekara talatin ana bayar da shi, ba wanda ya tanka.

Don haka Maraɗi na da buƙatar bikin finafinan gini, amma in aka kwafo na Rotadam aka dasa a nan, zai ƙare a ɗakin taro da 'yan boko ɗari da baƙi daga Yamai. Garin ya san bikin da ke tafe da gini, an gani a 2015 lokacin Maraɗi Kwalliya, da aka yi bikin ranar Jamhuriya, 18 ga Disamba, a nan. Wancan na manyan ayyuka ne. Wanda nake nufi na gindin bango ne: a yi shi a unguwa, da Hausa, a farkon rani, rabin abin da za a haska a ɗauke shi a cikin garin, magini ya zauna a gaba yana amsa tambaya, a horar da 'yan mata su ɗauki cikin gida da yardar masu shi. Finafinan waje su zo daga baya, za su fi amfani a lokacin.

Kuma akwai gaggawa. Ilimin maginanmu a hannu yake, ba a takarda ba. Sunan Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ya rayu saboda gininsa ya tsaya, amma yadda yake lanƙwasa azara ya ɗaure ta sai wanda ya tsaya kusa da shi ya gani. Littafi zai iya zana bakan gizo. Ba zai iya nuna yadda magini ke matsa ƙasa a tafin hannu ya san ta ruɓa ba, ko yadda yake jefa wa na kan bango tubali ya cafe. Waya mai arha tana iya wannan.

Inda aka tsaya

Fim ɗin ya fita daga hannun samarin. Ana tura shi a WhatsApp, an gan shi a wayoyin magina a Tasawa da Madarunfa. Magidancin da ya yi magana a daren farko ya sake gina ɗaki ɗaya: tushe na dutse da siminti har gwiwa, sama birgin ƙasar fadama, indararo na bututu mai tsawo, ya kuma cike tsakar gidan har ta fi titi. Na biyun yana jiran kuɗi. Maƙwabcinsa ya kalli fim ɗin, ya ce ya gamsu, ya kuma yi nasa da bulo da kwano, don matarsa ta ce ba za ta sake kwana ƙarƙashin rufin ƙasa ba.

Samarin yanzu suna neman abu ɗaya: ginin laka da za a fara daga tushe, su ɗauke shi har rufi, tsohon yana zaune yana faɗin abin da za a yi. Ya ce rabonsa da daurin guga ya daɗe, amma in an samo azara mai kyau da yara biyu masu jin magana, zai ɗaura. Wani mutum a wani ƙauye ta hanyar Tsibiri ya yarda a yi a zaurensa, da sharaɗin samarin su kawo azarar. Suna tara kuɗinta, kuma dole a fara kafin zafi ya shigo.